Naira 200,000 gare ni, me zan yi wa Corolla ta daina kunyata ni a Hawan Kibo?

Ɗan Jos: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da Corolla ta 2005, 'yar Amurka, otomatik, injin 1.8. A Lafia nake aiki, iyali kuma suna Jos, don haka duk mako biyu ina kan hanyar Akwanga. Matsalata Hawan Kibo. In na ɗauko mutum uku da 'yar doya a but, da zarar an fara hawa sai motar ta koma kamar jakin da aka yi wa lodin yashi. Totur har ƙasa, gurnani kawai, ba tafiya. Makon jiya sai da na kashe AC, duk da haka wata Sharon maƙare da fasinja ta wuce ni, har yaron motar yana ɗago mini hannu. Na ware Naira 200,000. Wani ya ce in sayi cif, 'yar na'urar da aka ce tana ƙara wa inji ƙarfi, wani ya ce in canza salansa, wani ya ce a taɓa biren bos, wato kwamfutar motar. Wanne ya fi sauƙin kuɗi kuma zai yi aiki? Ba tsere nake nema ba, mutuncina nake so ya dawo.

Sarkin Gudu: Wa alaikumus salam. Oga, wannan ai ba abin dogon tunani ba ne. A fasa indomi, wato matatar hayaƙin nan da ke cikin salansa, a sa salansa mai faɗi, a cire akwatin iya kilina a ɗaura filtar nan mai kamar mazurari. Haka na yi wa Honda EOD ɗina, yanzu in na tashe ta da asuba har layin baya sun san na fita. Rabin kuɗinka ma ba za ka kashe ba.

Baba Direba: Yaro, layin baya sun san ka fita, to sun ga ka isa da wuri? Shekara 31 na yi ina jan mota, daga 504 har na ajiye. Ban taɓa ganin ƙara ta haura da mota tudu ba.

Sarkin Gudu: Baba, da girmanka, zamanin kafireto daban, yanzu daban.

Baba Direba: Tudun dai bai canza ba.

Injiniya: Malam Ɗan Jos, kafin a kai ka ga mai walda, bari mu fara da abin da ke cikin bonet ɗinka. Injin da kake da shi sunansa 1ZZ-FE. Ranar da ya fito daga kamfani ƙarfin doki wajen 130 yake bayarwa, kuma ba shi da turbo. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ginshiƙin komai.

Inji iska yake ci da fetur, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. Ƙara fetur ba wuya, ko yaron gareji zai iya. Iskar ce matsala. Injin da ba shi da turbo abin da fistin ya zuƙo kawai yake samu, ba mai tura masa. Shi ya sa duk wasan da za a yi da kwamfutarsa ba ya wuce 'yan dawakai kaɗan, waɗanda ba lalle ka ji su a ƙafarka ba.

Sannan ka tuna inda kake hawa. Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, kuma irin wannan inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau, saboda iska tana raguwa. Wato ko sabuwa fil ce motar, kafin ka ƙarasa saman Filato fiye da kashi 10 ya tafi. Ƙara AC, ƙara mutum uku da doya. Sharon ɗin da ta wuce ka, ba mamaki mai dizal ce mai turbo, ita tudu bai cika damunta ba.

Tambayar da zan yi maka: a cikin 130 ɗin nan, nawa suka rage bayan shekarun da motar ta yi tana shan ƙura? Dawo da dokin da ya ɓata ya fi sayen sabo araha.

Ɗan Jos: Injiniya, na ji karatu. Amma cif ɗin fa? Na ga wani a intanet, ana cusa shi a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, sun rubuta yana ƙara kashi 35 na ƙarfi kuma yana rage shan mai. Kuɗinsa bai kai na cika tanki ba.

Oga Rewaya: Yallaɓai, don Allah riƙe kuɗinka. Wani kwastoma ya kawo mini irinsa, ya rantse motarsa ta ƙara gudu. Na roƙe shi na fasa robar a gabansa. Abin da ke ciki ɗan allo ne da fitilu uku masu walƙiya, wutar batir kawai yake ja, ko gaisawa da biren bos ba ya yi. Akwai wani nau'in kuma da ake haɗawa da wayar sensar iska, shi resista ce tsurarta. Ƙarya take yi wa kwamfuta cewa iskar da ke shigowa mai sanyi ce, sai a ɗan ƙara mai. In mota ta ɗumama, sensar salansa ta ga man ya yi yawa, kwamfuta ta rage abinta. An koma gidan jiya. Araha ba ta ado.

Akwai na uku da ake haɗawa da fedar totur, kuma zai shiga motarka tunda ta 2005 totur ɗinta na lantarki ne, ba waya ba. Wannan yana aiki, amma aikinsa shi ne in ka taka kaɗan ya ce ka taka da yawa. A cikin gari za ka ji motar ta yi zafin nama. A Hawan Kibo kuwa da ka riga ka kai ƙafa ƙasa, babu sauran abin da zai ƙara maka.

Sarkin Gudu: To na yarda cif damfara ce. Amma indomi fa? Kowa ya san toshe numfashin mota yake yi. Turawa ne suka sa shi don dokar ƙasarsu.

Oga Rewaya: Indomin da ya narke ko ya toshe, shi ne yake shaƙe mota, kuma alamarsa ta yi kama da abin da Ɗan Jos ya faɗa: tana tashi lafiya, tana yawo a gari lafiya, a kan tudu ta ƙi. Amma a gwada tukuna. A kwance sensar gaba ta salansa a ɗan zagaya da motar, in ta buɗe nan take to ga ɓarawon. Mai lafiya kuwa fasa shi ba ya ƙara abin kirki. Wutar cek, mai nuna inji na da matsala, za ta kama ta zauna, warin hayaƙi ya dinga shigo maka, kuma ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba za ka sani ba tunda wutar kullum a kunne take.

Kuma ku lura da wani abu. Me ya sa wasu suke saurin cewa a fasa? Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, irin su filatinom, ana sayensa da kuɗi mai kauri. Sai ka biya kuɗin aiki, kuma ka bar musu kayan. Ni dai na ga wanda aka ce masa nasa ya mutu, aka zazzage a leda aka ce za a zubar masa.

Bakanike Ƙofar Ruwa: Oga Rewaya, a yi mana adalci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Sau nawa mota take zuwa indomi ya zama gari, mai ita ba shi da kuɗin wani? Mu ce ya ajiye ta? Fasawa muke yi ya samu ya tafi, kuma mu miƙa masa abinsa a hannu.

Oga Rewaya: Wannan larura ce, ban yi musu ba. Ina magana ne a kan wanda ake fasa wa mai lafiya da sunan ƙarin gudu.

Bakanike Ƙofar Ruwa: To mun daidaita. Amma filtar mazurari kam ko ni ba na goyon baya. Sarkin Gudu, ka taɓa buɗe bututun iskarka bayan hunturu ka shafa yatsa? Waccan filtar an yi ta ne don ƙasar da ba ta san ƙurar Disamba ba. Ƙurar da ta wuce ta, ringi da silinda take ci kamar sanfefa. Ga shi kuma a cikin bonet take zaune tana zuƙar iska mai zafi, alhali akwatin kamfani daga waje yake jawowa. A watan Afrilu a Kano, ana 40 da wani abu a inuwa, kai kuma ka ba inji iskar gefen lagireto. Man da ake shafa mata ma yana ɓata sensar iska.

Sarkin Gudu: Ni dai tawa tana tafiya.

Bakanike Ƙofar Ruwa: Allah ya sa ta ɗore. In ta fara shan baƙin mai ka san hanyar garejinmu.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina karantawa tun ɗazu, na ga kuna neman ku kashe maganar taɓa kwamfuta gaba ɗaya, to ni shaida ne tana aiki. Golf 4 gare ni mai gazuwal, wato dizal, 1.9 TDI, mai doki 130. Wani yaro a Yamai ya haɗa ta da kwamfutarsa, cikin awa guda ya sake mata lissafi. Ya ce ta kai wajen 160. Ban auna ba, amma wallahi mota ta zama wata. In zan wuce babbar mota a hanyar Konni ba na ma sauke giya.

Injiniya: Gaskiyarka, kuma ba mu saɓa ba. Taka tana da turbo. Turbo famfo ne da hayaƙin salansa ke juyawa yana cusa wa inji iska, kuma kwamfuta ce ke faɗa masa iya inda zai tsaya. In an ɗaga wannan iyakar aka ƙara mai daidai da ita, ƙarfi zai ƙaru sosai. Ga misali a gidan Volkswagen ɗin: injin fetur 1.8T sun sayar da shi a doki 150 a wasu Golf 4, sun sayar da shi a 180 a wasu, a Audi TT kuma har 225 da turbo mafi girma. Wato kamfani da kansa ya bar sarari. Ga mai irin waɗannan motoci, sake firogiram shi ne mafi arahar hanya in ka raba kuɗin da yawan dokin da ka samu, babu abin da ya kamo shi.

Corolla ɗin Ɗan Jos ba ta da wannan sararin. Ƙari a kan haka, kwamfutar Toyota ta wancan zamanin ba ta buɗuwa da sauƙi kamar ta Bosch da ke cikin Golf.

Amma faɗa mana gaskiya, kulocinka yana nan?

Ɗan Maraɗi: Kai Injiniya, kamar kana wurin. Wata huɗu ya yi ya fara zamewa a giya ta huɗu. Na canza shi, kuma kuɗinsa ya fi na aikin kwamfutar. In na taka da ƙarfi kuma tana ɗan yin baƙin hayaƙi.

Injiniya: Hayaƙin nan gazuwal ne da bai ƙone ba, man ya fi iskar yawa. Ka koma ya rage. Kuma duk mai niyyar yi, ya tambayi abu biyu kafin a taɓa masa mota. Na farko, a ajiye masa ainihin fayil ɗin kamfani a filashi, don in abu ya ɓaci a mayar. Na biyu, ga masu fetur, fayil ɗin da za a zuba don wane irin mai aka yi shi? Yawancin waɗanda ake saukowa da su daga intanet an tsara su ne don fetur mai inganci na Turai, mai lamba 98. Mu a gidan mai famfo ɗaya ne, ba wanda ke tambayarka 95 ko 98, balle ranar da ka sha na 'yan bumburutu. In man bai kai ba inji zai dinga ƙwanƙwasa, sensa ta ji ta ja wuta baya, ƙarfin da ka biya ya gudu. In abin ya yi yawa fistin ne zai huje. Garin neman ƙiba a samo rama.

Sarkin Gudu: To a ɗaura wa Corolla turbo mana, a huta. Ko a sa mata injin 2ZZ na XRS, ai bodi ɗaya ne.

Injiniya: Da 200,000? Turbo yana son manifol, bututai, abin sanyaya iska, manyan nozul, layin baƙin mai, da kwamfutar da za ta iya da shi, a kan injin da tun asali fistinsa ke matse iska ninki 10. Shi kuwa 2ZZ inji ne mai daɗi, doki 170 zuwa 180, amma ƙarfinsa sai allurar juyin inji ta haura 6,000 yake fitowa, a ƙasa bai fi 1ZZ da komai ba. Shi ninki 11.5 yake matse iska, mai mai kyau yake so. Kuma a Corolla XRS da giyar hannu mai shida ya zo. Inji, giya, wayoyi, biren bos, duk sai an canza. Wanda ke da wannan kuɗin ya sayar da motar ya cika ya sayi Camry mai V6.

Hajiyar Kaduna: Ku yi haƙuri in tsoma baki a zancen maza. Irin motar nan nake ja shekara shida, kuma ina zuwa Jos wurin 'yata. Ƙanena Ɗan Jos, in kana hawan, a D kake barinta?

Ɗan Jos: Eh Hajiya, a D. Ai otomatik ce.

Hajiyar Kaduna: To akwai ɗan maɓalli a jikin giyar, O/D. Danna shi tun kafin ka fara hawa, zai hana ta shiga giya ta huɗu. In tudun ya yi tsauri ka jawo ta 2. Za ka ji inji ya ɗaga murya, allura ta kai 4,000, kar ka tsorata, nan ne ƙarfinsa yake. Mai gidana ne ya koya mini, Allah ya jiƙansa. Da ni ma ina jin ta yi ƙara sai in ɗaga ƙafa, ina tsoron kar ta fashe. Wannan ko sisi ba za ka biya ba.

Kuma ni abin da ya fi ba ni tsoro a wurin nan saukowa ne, ba hawa ba. Duk mai bin hanyar ya san irin manyan motocin da birki ke tsinke musu a gangaren. Kuna ta lissafin doki, ba wanda ya tambayi birkinsa da tayoyinsa.

Baba Direba: Allah ya yi miki albarka Hajiya. Giyar da ka hau tudu da ita, da ita ake sauka. Haka aka koya mana tun muna yaran mota.

Shugaban Zaure: Na goge saƙonni biyu na masu tallar cif da lambar waya. A ci gaba, amma ban da talla.

Oga Rewaya: Ɗan Jos, ga abin da zan yi da a ce tawa ce. Kar ka sayi komai tukuna. Je a sa mata sikana a karanta abin da kwamfuta ke kuka da shi, duk motar Amurka daga 1996 tana da wannan ramin. A auna matsin kowace silinda, kar ya gaza wajen 145 a ma'aunin psi, kuma kar tazarar da ke tsakaninsu ta wuce 15. In ya gaza, to zancen ringi ne, duk sauran ɓata kuɗi ne. Sannan ka duba mini abu uku ka dawo: akwai tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, a motar ko an cire, wane baƙin mai ake zuba mata, kuma rim nawa ne a ƙafarta.

Bakanike Ƙofar Ruwa: Tamostat kam na san an cire. Wace 'yar Kwatano ce ta kwana biyu a Arewa da shi? Zafinmu ba irin nasu ba ne.

Oga Rewaya: A nan ne ni da ku ba za mu taɓa shiryawa ba. Tamostat ɗin motar nan a digiri 82 yake buɗewa, da ya buɗe ruwa yana zagayawa kamar babu shi. In mota tana zafi, lagireto ne ya toshe ko fanka ko famfon ruwa. Cire shi ka haɗa fanka kai tsaye, sai inji ya kasa kai zafin aikinsa, musamman a sanyin Jos. Kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai. Fulogi ya yi baƙi, man da bai ƙone ba ya tafi ya kashe indomi, sannan a ce indomi ne mai laifi. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wa ke da fetur ɗin zubarwa?

Bakanike Ƙofar Ruwa: Ka zo Kano a watan azumin bazara ka shiga cunkoson Kurna da tamostat, sai mu yi magana.

Oga Rewaya: Tawa da shi take shiga.

Ɗan Jos: Jama'a na dawo, kwana tara ke nan. Sikana ta nuna lambobin matsala biyu, P0171 da P0420. Matsi 170, 168, 172, 165, aka ce inji da sauransa, na yi hamdala. Tamostat babu, fanka a haɗe kai tsaye. Baƙin mai 20W-50 ake zuba mini tun da na saye ta, alhali 5W-30 ne rubuce a kan murfin, ban taɓa karantawa ba. Sensar iska da aka ciro ta yi baƙi ƙirin, an wanke ta da feshinta. Gasket ɗin manifol yana shan iska, an canza. Fulogi huɗu kala uku ne, biyu ma jabu, na sa Denso na iridiyom. An wanke nozul, an sa tamostat, an mayar da fanka yadda take, an zuba man giya T-IV. Indomi an gwada bai toshe ba, na bar shi. Rim kuwa 17 ne, da su na saye ta, ni da nake alfahari da su.

Injiniya: P0171 ɗin nan shi ne gasket da sensar, iska tana shiga ba da lissafi ba. Baƙin man ma yana da hannu, domin VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗe bawul, da matsin mai yake juya kam, mai kauri yana sa shi nawa. Ka riƙa duba sandar mai duk mako yanzu da ka koma mara kauri, tsofaffin 1ZZ suna da halin sha. P0420 na iya dawowa tunda indomin ya sha wuya, in ya dawo ka faɗa mana. Rim 17 kuma da 15 ta fito, taya 195/65 ko 185/65. Ƙarin nauyin ƙafa inji ne ke biyansa a kowane tashi.

Sarkin Gudu: Duk wannan dogon labari, ta hau ko ba ta hau ba?

Ɗan Jos: Ta hau. Jiya da mutum uku da buhun shinkafa, AC a kunne, na danna maɓallin Hajiya tun daga ƙasa. Ba zan ce ta zama jirgi ba, wata Sharon ɗin ma ta sake wuce ni, amma wannan karon sai da direban ya yi da gaske. Na kashe 128,000. Ragowar na sa a birkin gaba, bai isa taya ba.

Hajiyar Kaduna: Sayar da rim ɗin ka sayi tayar.

Sarkin Gudu: Oga, rami nawa ne rim ɗin? In biyar ne turo mini hoto ta akwati.

Bakanike Ƙofar Ruwa: Ba za su shiga EOD ba, tazarar ramukan ba ɗaya ba ce. Na Corolla 100, naka 114.

Sarkin Gudu: Ba a ɗan fafe ramin?

Baba Direba: Inna lillahi. Shugaba, a karɓe mukullin yaron nan.